Hunturu a Littattafan Yaran Turai da Amurka

Gabatarwa

Masu fassara sun saba ara wa lokacin sanyin Turawa sunan hunturu, alhali kuwa abin da suka yi tarayya a kai bai wuce sanyi ba. Namu hazo ne da ƙura da iskar arewa, nasu kuwa dusar ƙanƙara ce da gajeruwar rana, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan maƙala za ta dubi littattafan hotuna guda uku da aka rubuta wa ƙananan yara a kan wannan lokaci, da yadda malamai ke amfani da su a aji.

Littattafan

Na farko shi ne The Snowy Day, wanda Ezra Jack Keats ya wallafa a Amurka a 1962. Labari ne na wani yaro baƙar fata mai suna Peter, da ya wayi gari ya tarar ƙanƙara ta rufe unguwarsu. Ya fita ya yi ta wasa, yana duban sawunsa, sannan ya dunƙula ƙanƙara ya sa a aljihu don ya ajiye wa gobe. Kafin ya kwanta ya laluba aljihu, bai sami kome ba. Littafin ya ci lambar Caldecott a 1963, kuma a 2020 babban ɗakin karatu na birnin Niyok ya bayyana cewa a cikin shekarunsa 125 babu littafin da aka fi ara kamarsa.

Na biyu shi ne The Snowman na Raymond Briggs, wanda ya fito a Ingila a 1978. Babu kalma ko ɗaya a cikin labarin, hotuna ne zalla. Yaro ya gina mutum-mutumin ƙanƙara, da dare ya rayu suka yi yawo tare, da gari ya waye ya narke.

Na uku, Snowflake Bentley na Jacqueline Briggs Martin, ya fito a 1998. Tarihi ne na Wilson Bentley, wani manomi a jihar Bamont, wanda a 1885 ya yi nasarar ɗaukar hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ta madubin ƙara girman abu, har ya tara hotuna fiye da 5,000.

Ayyukan Aji

Malami ba ya tsayawa ga karanta labari. Bayan labarin Peter, sai ya tambayi yara inda ƙanƙarar aljihu ta tafi. Ba zai ba su amsa ba. Sai a ɗebo ƙanƙara a kwalabe biyu, a ajiye ɗaya a ɗaki, ɗaya a waje, yara su dinga leƙawa har su gane da kansu cewa ɗumi ne ya mai da ita ruwa. Da littafin Briggs kuwa, kowane yaro yakan ba da labarin da bakinsa, ta haka harshensa ke buɗewa tun kafin ya san baƙi. Bayan tarihin Bentley sai a ninka takarda a yanka da almakashi, a fitar da siffa mai kusurwa shida irin ta ƙwayar ƙanƙara, watau an shiga lissafi ke nan ta hanyar wasa.

Kammalawa

Sirrin waɗannan littattafai shi ne, abin da yaro ya gani a takarda, shi zai taka idan an tashi makaranta. In aka fassara su aka kai wa yaron Katsina ko Maraɗi, zai sha labari, amma wannan sirri ya ɓace, domin aljihunsa bai taɓa jiƙewa da dusar ƙanƙara ba. Saboda haka dabarar ya kamata mu ɗauka. Hunturunmu yana da jin ɗumi a bakin wuta, da faso da kaushi, da man kaɗe da yakan daskare a kwalba sai an kai shi rana ya narke. Wannan kaɗai ya isa littafi guda da darasin kimiyya guda, kuma ɗaliban sashen Hausa ne suka fi cancanta su rubuta shi.