Ranar da muka kai Duna tafkin Bosomtwe

Shekara 26 ina sayar da albasa a Kumasi, amma ban taɓa taka bakin tafkin Bosomtwe ba sai bayan ƙaramar sallar da ta wuce. Autana Sani ne ya matsa, ya kuma kafe sai an tafi da Duna, baƙin karen da ke gadin sitona a Aboabo.

Hajiya ta ce, "Alhaji, kare a mota ɗaya da abincin sallah?" Ni kuwa idon 'yan Zango ne ya fi damuna, don a wajenmu kare na gadi ne, ba abokin yawo ba. Sai dai karen nan ya taɓa korar ɓarayi daga kan buhu sittin, yana da haƙƙi a kaina. Na shimfiɗa masa buhu a bayan a-kori-kura, na ware masa kwanon ruwansa daban, muka bi ta Kuntanase.

Tafiyar kilomita 30 ce ko da ɗoriya. Daga kan tudu hanya ke gangarawa garin Abono, sai ga ruwa kwance kamar a cikin ƙwarya, tsaunuka sun kewaye shi. Masana sun ce dutse ne ya faɗo daga sama shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa ramin, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Masuntan wurin ba kwalekwale suke hawa ba, wani faffaɗan katako ne da suke kira padua, suna tuƙawa da hannu. Asante na girmama ruwan nan ƙwarai, a al'adarsu nan rayukan mamata ke zuwa ban kwana.

Wannan na ƙarshen ne ban yi wa Sani bayani ba. Ya saki igiya zai ɗauki hoto, Duna ya zabura, ya kifar da farantin soyayyar karfasar wata mata, ya faɗa ruwa dab da wasu dattawa. Wallahi gabana ya faɗi. Baƙo ne ni, komai daɗewata a ƙasar nan.

Na cire hula na durƙusa gaban babbansu, na ce, "Nana, mepa wo kyɛw," wato ina roƙon afuwa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ba shigar karen ruwa ce ta ɓata masa rai ba, shigowarmu ce da dabba ba tare da mun gai da kowa ba. Ban musa ba. Na biya matar kuɗin kifinta har da ƙari.

Sauran yinin Duna a ɗaure ya yi shi a gindin bishiya, nesa da tabarmar sallarmu. Da za mu tafi, dattijon ya aiko jikansa da kawunan kifi a leda, wai na kare ne.