Botar Lurpak da man shanun rugarmu: me ake saya da wannan tsadar?

Idan ka leƙa firjin kayan madara a manyan kantunan Barnawa, za ka ga wani ɗan ƙunshi mai takarda ruwan azurfa, an rubuta masa Lurpak. Giram 200 ne kacal, amma kuɗinsa sai ka sake duba takardar farashi ko idonka ne bai gani daidai ba. 'Yan ƙungiyoyin madara na wajen Sabon Tasha da Gonin Gora suna yawan yi mini wannan tambayar: Malam, wai shanun Turawa zinare suke ci ne? Abin nan ya fi man shanun da matanmu ke kaɗawa, ko suna ne kawai? Tambayar ta cancanci a zauna a kanta, domin ta shafi aljihun mai saye, ta kuma shafi kasuwar ku masu sayarwa.

Mu fara raba tsaki da tsakuwa. A bakinmu duk abin da aka shafa wa burodi bota ne, har da Blue Band ɗin mai shayi. To Blue Band majarin ne, daga man tsirrai ake yin sa, ba daga nonon saniya ba, don haka kada ka auna farashinsa da na man shanu. Bota ta gaskiya ita ce man da aka kaɗa daga madara, kuma ƙa'idar abinci ta duniya ta ce kitsen madara a cikinta kada ya gaza kashi 80 cikin 100, ruwa kada ya wuce kashi 16. Lurpak mai ƙunshin takarda ya cika wannan sharaɗi. Amma akwai wani nau'insa da ke zuwa a ƙaramar roba, mai laushi ko daga firji aka ciro shi, wanda aka gauraya da man tsirrai. Sunan ɗaya ne, kayan ba ɗaya ba, saboda haka karanta bayan mazubin kafin ka biya.

Shi Lurpak ɗin kansa babu wani sirri a cikinsa. Maiƙon madara ne da aka dafa, aka sa masa irin ƙwayoyin da ke tsamar da nono, aka kaɗa, wani da ɗan gishiri wani babu. Wannan ɗan tsami-tsamin da masu kuɗi ke yabawa, shi ne dai abin da Inna ke samu idan ta zuba ragowar kindirmon jiya a madarar yau ta bar ta ta kwana. Launi ma haka: ciyawa ce ke kawo shi. Shi ya sa man damina yake fitowa rawaya, na rani kuma ya yi fari-fari, ko a Ladduga ko a Turai.

To ina kuɗin yake tafiya? Kaso mai yawa hanya ce ke cinye shi. A ƙasar Denmak ake yin sa, a ɗauko shi a kwantena mai sanyi ta jirgin ruwa, a biya kwastam, a hau mota mai firji zuwa Kaduna, a ajiye a kantin da janareta ke ruri dare da rana. Duk da dala ake lissafin farkon tafiyar, kuma kowa ya ga yadda kayan waje suka tashi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Wannan kason ba ya ƙara wa man ɗanɗano ko kaɗan. Kuɗin mota ne da na dizal kake biya.

Ɗaya kason kuwa, a ganina, halak ɗinsu ne, kuma a nan nake so 'yan ƙungiya su buɗe kunne. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 manoman Denmak ƙananan makiyaya ne, kowane gida yana kaɗa nasa man, wani ya yi kyau wani ya yi wari, 'yan kasuwa su saya yadda suka ga dama. A 1882 manoman wani ƙauye mai suna Hjedding suka haɗa kai suka kafa masana'antar madara ta ƙungiya, kowa ya kawo madararsa wuri ɗaya a sarrafa ta hanya ɗaya. Sauran ƙauyuka suka kwaikwaya. Da man nasu ya yi suna a kasuwar Ingila, sai wasu suka fara sayar da jabu da sunan na Denmak. Maganin da suka yi shi ne tambari: a 1901 suka yi wa alamar “lur” rajista, wani dogon ƙahon tagulla na mutanen da, mai kama da kakakinmu. Daga baya suka ɗora dokar ɗanɗanawa, a kawo man masana'anta a gaban masana ba tare da sun san na wane ne ba, wanda ya faɗi a hana shi sa tambarin. Yau kamfanin Arla ne ke sayar da Lurpak, shi ne kuma mai madarar Dano, kuma har gobe ƙungiyar manoma ce ta mallake shi. Shi ne ya buɗe gonar shanun madara a Damau, ƙaramar hukumar Kubau, a 2023.

Ka ga ke nan abin da mai saye ke biya shi ne tabbas. Wanda ya saya a watan azumi da wanda ya saya bayan babbar salla abu ɗaya za su buɗe: nauyi ɗaya, gishiri ɗaya, ba gashi, ba ƙasa, ba wari. Matar da ke yin kek ɗin biki a Narayi, wadda ta karɓi kuɗin mutane, ba za ta yi caca da man da ba ta san yawan ruwan cikinsa ba. Gare ta tsadar ta biya. Haka otal ɗin da ke ajiye wa baƙi bota a teburin karin kumallo.

Amma idan tuwo da miyar kuka ne, ko shinkafa da wake, ko ɗan man da za a zuba wa dambu, wallahi asarar kuɗi ce. Yi lissafin da kanka. A ƙunshin giram 200, kitsen bai fi giram 160 da 'yan kai ba, sauran ruwa ne da gishiri. Soyayyen man shanu kuwa an ƙone ruwansa, kusan dukkansa mai ne. Robar ruwa mai santilita 75 idan an cika ta da shi tana ɗaukar kusan giram 680, wato man da ke cikin ƙunshin Lurpak huɗu har da ɗoriya. Tambayi kuɗin roba ɗaya a Kasuwar Monday ta Kakuri, ka tambayi kuɗin ƙunshi huɗu a kanti, ka ajiye su gefe da gefe. Ga shi soyayyen yana jure wuta ba ya saurin ƙonewa, yana yin watanni ba firji, ƙamshinsa kuma ba a haɗa shi da na kanti. Ita bota tana fara narkewa da zafi ya haura digiri 30 kaɗan, ka kuwa san Kaduna a watan Maris da Afrilu.

Saura tambayar da ta fi damuna: me ya sa mai kuɗin Barnawa yake tsallake namu ya ɗauki na waje? Ba don saniyarmu ta gaza ba. Bunaji ba ta da yawan nono, lita ɗaya zuwa biyu a rana bayan ɗan maraƙi ya sha, alhali ta Denmak tana wuce lita 25, amma nononta yana da maiƙo. Abin da ke korar mai saye tsoro ne. Ya taɓa sayen wanda aka cuɗa da majarin, ko wanda aka zuba a robar da aka tsinto, ko ɗanyen da ya kwana uku yana iyo a ruwan rafi cikin ƙwarya. Mutum ɗaya ya yi algus, rugage goma su sha zargi. Sannan ɗanyen man da aka kaɗa daga madarar da ba a dafa ba yana iya ɗaukar cutar bakkale da tarin fuka daga saniya zuwa mutum, kuma masu ilimin cikin masu saye sun san haka.

Gyaran ba ya buƙatar injin miliyoyi. A wanke hannu da hantsa kafin tatsa, a tace madara da farin ƙyalle mai tsabta, a dafa ta kafin a sa mata iri. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta a ware nononta har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin su cika. Bayan an kaɗa, a wanke man da ruwa mai sanyi wanda aka tafasa ya huce, a sake, a sake, har ruwan ya fito garau, domin ragowar nonon da ya maƙale a ciki shi ne ke fara lalacewa. Wajen suya a yi wuta kaɗan-kaɗan har kumfa ta kwanta, ƙarar tafasa ta ɗauke, alamar ruwa ya ƙare ke nan. A tace, a zuba a sabon mazubi busasshe, a rufe, a kawar da shi daga rana. Albasa tana ƙara ƙamshi ga mai miya, amma ku ware wani kaso ku soya ba albasa, akwai masu neman sa haka don cincin da alkaki.

Kada kuma ƙungiya ta ruɗu ta ce za ta fara yin bota ta ƙunshi ta kara da Lurpak alhali ba ta da firjin da wutarsa ba ta yankewa. Ƙarfinku yana wajen soyayye. Ku tuna kilo ɗaya na man shanu yana cin madara wajen lita 20 ko fiye, tatsar shanu goma sha wani abu ke nan a rana guda. Idan ba ku da kasuwar tsalar da ta rage bayan an cire man, cinikin ba zai fitar da ku ba, gara ku kai madarar ga masu tara ta irin su MILCOPAL ku karɓi kuɗinku.

Idan kuwa nonon yana da masu saye, to ku zauna a taron wata ku amince da hanya ɗaya ta yi, mazubi ɗaya, awo ɗaya. Ku zaɓi mata uku masu hanci da harshe, a jera musu man kowane gida a kofuna masu lamba ba suna, wanda suka ƙi ya koma gida a ci, kada ya shiga robar ƙungiya. Ku manna takarda mai sunan ƙungiya da ranar suya da lambar waya. Manyan kantuna za su nemi lambar NAFDAC, don haka ku fara da masu abincin sayarwa da matan da ke girkin biki a Television da Unguwar Romi, ku riƙa ajiye wani abu daga cinikin don kuɗin rajistar.