Jak ɗin da ya dace da mota mai kwanciya ƙasa

Abin da mai saye ke fara tambaya idan ya je neman jak shi ne: tan nawa yake ɗauka? Mai shago ma abin da yake talla da shi ke nan, an rubuta "tan 3" da manyan haruffa a jikin kwali. Ga mai babbar jif ko a-kori-kura, tambayar tana kan hanya. Amma ga wanda ya ajiye motar gudu irin su Mazda MX-5, Porsche 911 ko Chevrolet Corvette, kuma yake son ya riƙa canza taya ko duba birki da kansa a gida, nauyi shi ne mafi ƙanƙantar matsalarsa. MX-5 ta zamani nauyinta bai wuce kilo 1,100 da wani abu ba, 911 kuwa wajen kilo 1,500. Kuma jak ba ya ɗaga mota gaba ɗaya, gefe guda yake ɗagawa, ko gaba ko baya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ƙarfin jak ya kai kashi uku cikin huɗu na nauyin motar, don haka mai tan ɗaya da rabi zuwa biyu ya wadatar. Mai 911 dai ya tuna injinsa a baya yake, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin yana can.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsayi. Waɗannan motoci an ƙera su su kwanta kusa da kwalta don kada iska ta ɗaga su, kada kuma su yi tangal-tangal a kwana. Tazarar da ke tsakanin cikinsu da ƙasa galibi santimita 10 ce zuwa 14, kuma leɓen bamba na gaba ko robar gefe kan fi haka sauka. Jak mai taya na yau da kullum, ko an sauke shi har ƙarshe, kansa yakan kai santimita 13 ko fiye. Ka ga kenan bai ma shiga ba, balle a yi maganar ɗagawa. Abin da ake nema shi ne jak mai kwantaccen baki, wanda farantinsa ke sauka zuwa santimita 7 ko 9. Kafin a fita kasuwa a ɗauki tef a auna daga ƙasa zuwa wurin da aka tanada don jak a jikin motar, a rage kaurin robar da za a ɗora a kan farantin, abin da ya saura shi ne iyakar tsayin jak ɗin da za a saya.

Akwai awo na biyu da mutane da yawa ba sa lura da shi sai sun dawo gida. Wani jak bakinsa a kwance yake, amma daga taku ɗaya jikinsa ya kumbura inda famfon yake. Idan a gefe za a ɗaga, babu damuwa. Idan kuwa ana son kai wa ƙarfen tsakiya da ke can ƙarƙashin gaba don a ɗaga tayoyi biyu lokaci guda, kumburin zai daki bamba tun farantin bai isa ba, kuma mariƙin ba zai sami sararin hawa da sauka ba. Maganin wannan shi ne jak mai dogon wuya, ko kuma a fara hawa da tayoyin kan katako mai kaurin santimita 4 ko 5, dabarar da ba ta cin kuɗi. A duba ma iyakar tashinsa: santimita 35 ta isa canjin taya, amma aikin ƙarƙashi yana son 45 zuwa 50.

Yadda hannu ɗaya ke ɗaga tan guda ba sihiri ba ne. Masanin Faransa Blaise Pascal ya nuna tun ƙarni na 17 cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. A cikin jak akwai ƙaramin fistin da mariƙi ke dannawa, yana tura mai zuwa babban fistin. In faɗin babban ya ninka na ƙaramin sau 20, ƙarfin ma ya ninka sau 20, sai dai za a yi ta bugawa kafin motar ta tashi. Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsi a kan wannan ƙa'ida a Ingila a 1795, Richard Dudgeon kuma ya yi rajistar jak na mai da ake iya ɗauka a hannu a New York a 1851. Abin da ya kamata ya tsaya wa mai mota a rai daga wannan bayani shi ne, duk nauyin nan yana kan mai ne, man kuma ƙananan zoben roba da bawul ne ke tsare shi. Roba tana tsufa, zafi yana busar da ita. Ranar da ta gaza, motar ƙasa za ta yo, wani lokaci a hankali, wani lokaci farat ɗaya.

Shi ya sa ba na ganin sayen jak ya cika sai an haɗa da matokaran ƙarfe masu ƙafafu, waɗanda ake saka wa mota bayan ta tashi, a sauke nauyinta a kansu. Bulo na siminti ba ya maye gurbinsu, domin yana farfashewa ba tare da ya ba da alama ba, duk da cewa ana ganinsa ƙarƙashin motoci a garejojinmu kullum. Su ma matokaran a zaɓe su da ido biyu. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye fiye da miliyan ɗaya da rabi daga kasuwa saboda haƙorin da ke riƙe sandar yana iya kuɓucewa. Wanda ke da ƙusar kulle da ake zurawa ta rami ya fi kwantar da hankali. A jikin jak kuma a nemi shaidar ƙa'idar ASME PASE ta Amurka ko EN 1494 ta Turai.

Wurin da farantin zai taɓa yana cikin littafin motar, kuma nan kaɗai ne. Tukunyar man inji, salansa da shimfiɗar ƙasan mota duk ba sa ɗaukar nauyi. Motoci da yawa suna da siririn gefen ƙarfe da aka haɗa da walda, wanda faranti tsirara ke lanƙwasawa, fenti ya fashe, tsatsa ta samu ƙofa. Roba mai tsaga a tsakiya ce ke kare shi. Corvette kuwa tana da ramuka a jikin firam inda ake maƙala wasu ƙananan fayafai kafin jak ya taɓa, in ba haka ba ya fasa rufin gefen.

Daɓen da za a yi aiki a kai yana cikin lissafi. Damtsen jak ba ya tashi a miƙe, zagaye yake yi kamar hannun mai ɗaga tulu, don haka dole jak ya riƙa gangarawa ƙarƙashin mota yayin da take tashi. Idan tayoyinsa sun nutse a yashi ko sun maƙale a tsagar intalok, sai farantin ya ja motar ko ya zame daga wurinsa. Siminti sumul, marar gangara, shi ake so, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin da ke ƙasa gaba da baya.

Batun jak na alminiyam ko na ƙarfe bai kai a daɗe a kansa ba. Na alminiyam mai tan ɗaya da rabi wajen kilo 15 ne, ana jefa shi a but. Na ƙarfe mai dogon wuya yakan haura kilo 40, ya fi araha a kan ƙarfinsa, kuma in a gareji zai zauna nauyinsa ba aibi ba ne. Kowanne aka zaɓa, a gwada saukarsa a shago da wani nauyi a kai, a ga ko murɗa mariƙi kaɗan yana sauke shi sannu a hankali. In mai ya ragu a ƙara man jak, kada a zuba man birki, yana cinye robobin. Bayan aiki a sauke damtsen har ƙasa kafin a ajiye, don ƙura kada ta manne a jikin fistin.