Makaranta Kwana Huɗu a Mako: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Ɗaukar Nauyi?

A Amurka akwai ɗaruruwan garuruwa da makarantun gwamnati ba sa buɗewa ranar Juma'a, wasu kuma ranar Litinin suke rufe ƙofa. Yara na zuwa aji kwana huɗu, a ƙara musu ɗan lokaci a kowace rana, sannan su yi kwana uku a gida. Tsarin ya fara samun gindin zama ne a shekarun 1970, lokacin da tsadar man fetur ta hana ƙananan gundumomin karkara iya zuba wa motocin jigilar ɗalibai mai. Ya sake bazuwa bayan karayar tattalin arziki ta 2008, har aka kai ga gundumomin ilimi kusan 900 a jihohi fiye da 20 suna bin sa. A jihar Kolorado fiye da rabin gundumomi sun koma kwana huɗu, a Misuri kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Maganar ba ta yi mana nisa ba. A watan Disamba na 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta mayar da aikin gwamnati a jihar Kaduna kwana huɗu, a Janairun 2022 kuma aka umarci makarantun gwamnati su bi sahu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, jihar Edo ta sanar da rage kwanakin makaranta zuwa uku. Da yake Amurkawa sun daɗe cikin wannan gwaji, kuma masu bincike sun bi diddiginsa, abin da ya bayyana a can ya isa a yi hukunci da shi: rage kwanakin makaranta ba ya sauke nauyi, sai dai ya ɗauke shi daga wuyan gwamnati ya aza a wuyan iyaye da yara, kuma talaka ne ya fi jin sa.

Hujjar farko da ake kawowa ita ce tsimin kuɗi, kuma a ido tana da ma'ana. Wanda ya ji an cire kwana ɗaya daga cikin biyar zai ɗauka an rage kashi 20 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa. Lissafin ba haka yake ba. Kaso mafi tsoka na kasafin makaranta, wajen kashi 80 cikin 100 a Amurka, yana tafiya ne ga albashi da alawus, kuma albashin malami ba ya raguwa don an matse sa'o'insa cikin kwana huɗu. Abin da ke raguwa shi ne man mota, wutar lantarki, abinci, da ladan ma'aikatan da ake biya gwargwadon sa'o'in da suka yi. Wani nazari da Hukumar Ilimi ta Jihohin Amurka ta fitar a 2011 ya nuna cewa iyakar abin da gunduma za ta iya tsimewa bai wuce kashi 5 da ɗoriya ba, kuma a aikace gundumomin da aka duba sun tsime tsakanin kashi 0.4 zuwa 2.5 ne kacal. Wannan ɗan rarar ma a duba daga ina ta fito. Ta fito ne daga aljihun direban motar makaranta, da mai dafa abinci, da mai shara, wato mutanen da tun asali su ne masu ƙaramin albashi. Gwamnati ta rubuta riba a littafinta, amma a cikin garin nan ɗin wasu gidaje ne suka yi asarar ladan yini guda a kowane mako.

Da hujjar kuɗi ta yi rauni, sai ta malamai ta karɓe wurinta, kuma ita ce ta fi ƙarfi a yau. Gundumar karkara da ba ta iya biyan albashin birni tana cewa da malami: ba mu da kuɗin ƙara maka, amma ga hutun kwana uku. Dalilin da ya sa gundumar Independence a Misuri, mai ɗalibai kusan 14,000, ta koma kwana huɗu a 2023 ke nan, haka ma wata babbar gunduma da ke kusa da birnin Denver a 2018. Gaskiya ne masu neman aiki kan ƙaru a farkon lamari, kuma malamin da ya gaji yana da haƙƙin hutu. Sai dai wannan dabara ba ta haifar da sabon malami ko ɗaya, tana janyo shi ne daga gundumar da ke maƙwabtaka. Ranar da maƙwabtan suka kwaikwayi tsarin, fifikon ya ƙare, kowa ya koma inda yake, ga ƙarancin malamai yana nan, ga kwana ɗaya ya salwanta. Ciwon malami ƙarancin albashi ne, da cunkoson aji, da rashin daraja. Biyansa da ranar karatun yaro tamkar rance ne da aka ci da sunan wanda bai san an ci ba.

Adalci ya wajabta a faɗi alherin tsarin, don yana da shi. Binciken da cibiyar RAND ta wallafa a 2021, bayan ta zagaya gundumomi a jihohin Idaho, Niyu Meksiko da Oklahoma, ya tarar da iyaye da ɗalibai da malamai mafi yawansu suna son kwana huɗun. Iyali na samun lokacin zama tare, ƙananan yara na samun ƙarin barci, ganin likita da doguwar tafiyar wasannin makarantu kan faɗa ranar hutu maimakon su cinye darasi. A karkarar da yaro ke shafe fiye da awa guda a mota kafin ya isa makaranta, rage tafiya ɗaya a mako ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma matasa na taimakon iyayensu a gona ko wurin kiwo. Wani nazari a Oklahoma ya ga raguwar faɗa da cin zali tsakanin ɗaliban sakandare. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa garin da ya ɗanɗana tsarin ke da wuyar komawa baya. Amma jin daɗin tsari daban, amfaninsa ga karatu daban, kuma don karatu aka gina makaranta.

A nan ne shaida ta fi nauyi. Shekarar karatu a yawancin Amurka kwana 180 ce ko kusa da haka, ta masu kwana huɗu kuwa ba ta cika kaiwa 150 ba. Ana alƙawarin cike giɓin da tsawaita yini, amma ƙarin kusan awa guda a rana ba ya rama yini cikakke, don haka a ƙarshen shekara ɗalibi kan yi asarar sa'o'i masu yawa. Wani nazari na farko a Kolorado, a 2015, bai ga illa ba, har ya ga ɗan ci gaba a lissafi. Binciken da ya biyo baya, mai faɗi da tsawon shekaru, ya juya labarin. Masanin tattalin arziki Paul Thompson na Jami'ar Jihar Oregon ya gano cewa makin yara a lissafi da karatu ya sauka bayan komawa kwana huɗu, RAND ma ta ga cewa ci gaban ɗalibai a irin waɗannan gundumomi ya fi na takwarorinsu nawa, kuma ratar na ƙaruwa shekara bayan shekara. Abin lura shi ne inda illar ta taru. Ta fi tsanani a makarantun da jimillar sa'o'insu ta ragu sosai, ta kuma yi sauƙi ko ta ɓace a inda aka riƙe sa'o'in yadda suke. Ma'ana, ba sunan ranar ne ke cutarwa ba, lokacin da yaro ke yi gaban malami shi ne ma'auni. Wannan ya sa wasu jihohi suka fara taka birki: Oklahoma ta tsaurara sharuɗɗa a 2019, Misuri kuma ta yi doka a 2024 da ta wajabta wa manyan garuruwa neman ƙuri'ar jama'a kafin su rage mako.

Sai tambayar da masu kasafi ba sa rubutawa a takarda: ina yaro yake a rana ta biyar? Gidan mai hali yana da amsa, akwai malamin gida, akwai littattafai da intanet, akwai uwa ko uba da aikinsu ke ba su damar zama. Gidan da uwa ke aikin awa-awa a shago ko masana'anta ba shi da ita. Ko dai ta biya mai reno, ko ta bar aiki, ko ta bar yaro shi kaɗai. Bincike a Amurka ya nuna raguwar aikin yi tsakanin iyaye mata masu ƙananan yara a yankunan da suka koma kwana huɗu, wani kuma da aka yi a Kolorado ya ga ƙaruwar laifukan matasa, musamman sata, da kusan kashi 20 cikin 100. Ga kuma abinci: yara kusan miliyan 30 ne ke cin abincin rana a makarantun Amurka, da yawansu kyauta ko a farashi mai rahusa, kuma ranar da aka rufe aji an rufe tukunya. Ko Faransa, wadda ta saba da hutun tsakiyar mako tun dokar 1882, ba ta huta da wannan muhawara ba. A 2008 ta mayar da firamare kwana huɗu, a 2010 Majalisar Likitocin ƙasar ta yi gargaɗin cewa dogon yini na gajiyar da ƙananan yara, a 2013 aka dawo da kwana huɗu da rabi, a 2017 kuma aka bar wa kowane gari zaɓi, akasari suka koma huɗu. Ƙasar da ke da wadatar cibiyoyin kula da yara ke nan, amma har yanzu ana tambayar ko don yaro aka yi tsarin ko don sauƙin manya.

Idan haka abin yake a ƙasashe masu ƙarfi, a Arewacin Najeriya sai an ninka taka-tsantsan. Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta yaran Najeriya da ba sa zuwa makaranta da aƙalla miliyan 10.5, mafi yawansu a Arewa, kuma cikin waɗanda ke zuwa da yawa kan gama firamare ba su iya karanta jimla ba. A jihar Kaduna kanta, jarrabawar da aka yi wa malaman firamare a 2017 ta kayar da fiye da 21,000 daga cikin kimanin 33,000. Wurin da karatu ke ƙishirwar lokaci ba wurin rage lokaci ba ne. Wani zai ce ai Juma'a dama rabin yini ce a wurinmu, ana tashi da wuri don sallah, don haka asarar kaɗan ce. Haka ne, amma kafin a rama ko da waɗannan sa'o'in sai an tsawaita sauran ranakun zuwa bayan azahar, a aji mai cunkoso, babu fanka, cikin zafin Afrilu, ga yaron da watakila bai karya ba. Tsawaitawar na cin karo da Islamiyyar yamma, kuma ba ta yiwuwa a makarantun da ke karatun safe da na rana saboda ƙarancin azuzuwa. Wani kuma zai ce ai tsangaya ma tana hutun Alhamis da Juma'a tun kaka da kakanni. Amma wannan hutun kwana biyu ne, kwana biyar ɗin da suka rage almajiri na kan allo da asuba, da yamma, da dare. Karatun intanet da ake cewa zai cike ranar ba ya isa gidan da babu wuta, balle wayar da za a ba yaro. Abin da ke jiran yarinya a ranar shi ne farantin talla, yaro kuma gona ko tasha, alhali ɗan mai kuɗi yana makarantar kuɗi yana cika kwana biyar ɗinsa.

Wannan ba ya nufin kwana biyar wahayi ne da ba a taɓawa. Akwai inda rage mako zai iya zama daidai, kamar ƙauyen da ke da nisa ƙwarai, ko wani ɗan lokaci na tsananin tsadar sufuri. Amma duk gwamnatin da ta zo da shawarar, wajibi ne ta amsa tambayoyi uku a bainar jama'a kafin a amince mata. Shin jimillar sa'o'in karatu na shekara za ta tsaya yadda take, kuma wa zai ƙirga? Me aka tanadar wa yaro a rana ta biyar, ajin taimaka wa masu rauni ne, ko koyon sana'a, ko abinci, kuma nawa aka ware masa? Sannan wace jarrabawa za a auna sakamako da ita bayan shekara ɗaya ko biyu, har a janye tsarin idan ya gaza? Iyaye, ƙungiyoyin malamai da kwamitocin kula da makarantu su ne ya kamata su riƙe waɗannan tambayoyi, kada su saki sai an ba su amsa a rubuce. Idan tsadar sufuri ce matsalar, a tallafa wa malami da kuɗin mota. Idan gajiya ce, a ɗauki ƙarin malamai a rage cunkoso. Gwamnati na iya gyara kasafinta a shekara mai zuwa, amma yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, da wuya a sake dawo masa da wannan shekarar, kuma shi ne kaɗai ba a tambaya ba sa'ad da aka yanke hukuncin.