Gargaɗi Ga Ɗalibin Da Ke Son Aikin Asibiti Da Mahaifansa

Duk wanda ya san ƙasar Gaya da Ajingi, tun daga Balan har Kademi da Toranke, ya san cewa in ciwo ya tsananta da tsakar dare, ko haihuwa ta zo da gardama, samun ma'aikacin lafiya ɗan gari yakan fi samun magani wuya. Saboda haka abin farin ciki ne ƙwarai yadda samari da 'yan matan sakandare ke ƙudurta karatun likita ko jinya ko ungozoma, domin ilmin ɗibbu farilla ce ta kifaya, kamar yadda Imam Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u, wadda in wasu suka tsaya mata an sauke wa saura, in kuwa kowa ya bari, laifin ya hau kan al'umma duka.

Amma sha'awa daban, juriya daban. Karatun likita shekara 6 ne a Jami'ar Bayero, da ƙarin shekara guda ta sanin makamar aiki, na jinya kuwa a makaranta irin ta Madobi aƙalla shekara 3, kuma bai kamata yaro ya ɗauki wannan doguwar hanya ba tare da ya taɓa jin warin ɗakin majinyata, ko ya ga yadda ake wanke gyambo ba. Hanyar gwada zuciya kuwa a buɗe take. Lokacin dogon hutu, uba ya ɗauki ɗansa, tare da takarda daga shugaban makaranta, ya kai shi ga mai kula da asibitin sha-ka-tafi na gunduma, ya roƙi a bar shi ya taimaka da abin da ba ya cutarwa: shirya layi ranar awo, ɗora jarirai a ma'auni, kiran suna, da sauraron yadda ake yi wa uwa bayanin haɗa ruwan gishiri da sukari. Haka nan ƙungiyar Red Cross, da 'yan agajin Fityanul Islam da na Izala, suna koyar da taimakon farko, wato tsayar da jini da ɗaure karaya kafin a kai asibiti. Wanda ya jure wannan, ya ga kuma zuciyarsa na ƙara karkata, to ya sami alama mai kyau. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya huta da asarar shekaru, kuma babu abin kunya a ciki.

Inda haɗarin yake shi ne abin da ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu, na a kai yaro kemis da sunan koyon aiki, bayan 'yan watanni a miƙa masa sirinji, mutane su shiga kiransa "likita", shi kuma kansa ya kumbura. Ku sani, mai kemis kansa lasisinsa na sayar da wasu magunguna ne ƙayyadaddu, bai halatta masa yin allura ko ƙarin ruwa ba, balle yaron shagonsa. A cikin ɗuwawu akwai wata babbar jijiya da ta sauka har ƙafa, wadda in allura ta same ta, yaron da aka yi wa allurar na iya tashi da shanyayyar ƙafa har iyakar rayuwarsa. Abin takaici, a ƙasar da aka sha fama da shan inna har aka tabbatar da kawar da ita daga Afirka a watan Agusta na shekarar 2020, a ce hannun jahili ne zai riƙa gurgunta yara. Shi ma mai koyon bai tsira ba, domin tsinin allurar da aka yi wa wani in ya soke shi, yana iya ɗaukar ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. Malaman fiƙihu kuwa sun yanke cewa wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilminsa ba, lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa.

Akwai kuma amana. Ɗalibin da aka bari ya shiga asibiti zai ga maƙwabciyarsu, ya ji abin da ke damunta; in ya kai maganar majalisa, ya ci amana, kuma ya nuna bai cancanci aikin ba tun daga tushe.

Kada kuma wani ya ruɗe ku cewa yawan zuwa asibiti na ba da gurbin karatu. A ƙasarmu sakamako ake dubawa: kiredit 5 a WAEC ko NECO, cikin Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, sa'an nan maki mai yawa a JAMB. Yaron da ya bar littafi ya tare a kemis, ya sayar da gonarsa ne ya sayi fartanya.

Ya ku iyaye da malaman makarantun Balan da kewaye, ku kai 'ya'yanku maza da mata asibiti su gani, su yi hidima a gaban ma'aikaci mai rajista, amma ku hana su taɓa allura sai ranar da hukuma ta ba su izini.