Idan tarakta ba ta zo ba: wa doka ta ɗora wa asarar damina?

Mafi yawan ƙananan manoma a Najeriya ba su mallaki tarakta ba, masu amfani da ita a cikinsu haya suke yi. Wasu daga hannun ɗan kasuwa, wasu daga sashen hayar taraktoci na gwamnatin jiha, wasu kuma ta hannun dillalan da ke haɗa manoman unguwa guda su kira mota ɗaya. Kamfanin Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014, ya shigo da wannan ciniki cikin wayar salula. Sai dai ko ta wace hanya aka bi, matsalar ɗaya ce: kowa yana buƙatar injin a cikin 'yan makonnin farkon damina, injinan kuma ba su wadata ba. Saboda haka ake karɓar kafin alƙalami daga mutum goma alhali aikin mutum shida kaɗai za a iya gamawa, sauran su yi ta jiran tsammani har ƙasa ta wuce lokacin shuka.

A idon doka wannan saɓa yarjejeniya ne, ko da ba a rubuta komai a takarda ba. Yarjejeniyar baka ta hayar inji tana da ƙarfi matuƙar akwai tayi, da amincewa, da abin da kowane ɓangare zai bayar. Wahalarta tana wajen tabbatar da ita a gaban alƙali. Amma tambayar da ta fi nauyi ita ce ta diyya. Kuɗin huɗa ƙaramin abu ne idan aka gwada shi da amfanin gonar da ya salwanta, kuma a nan ne manomi da mai tarakta suke rabuwa: shi mai injin yana ganin ya fita haƙƙi da zarar ya mayar da kuɗin da ya karɓa, manomin kuwa yana lissafin buhunan da bai girba ba.

Dokar kwantiragi ta Najeriya gadon Ingila ce, kuma ƙa'idarta ta asali ita ce a mayar da wanda aka cuta matsayin da zai kasance da an cika masa alkawari, gwargwadon abin da kuɗi zai iya yi. Da ƙa'idar ta tsaya a nan, da manomi ya ci riba a kowace shari'a. Amma akwai iyaka, kuma iyakar ta samo asali ne daga rigimar wani inji.

A 1853 sandar da ke juya injin wata masana'antar niƙa gari a birnin Gulosta na Ingila ta karye. Masu masana'antar suka ba wani kamfanin dakon kaya karyayyar sandar ya kai wa maƙera a Girinic domin su ƙera sabuwa irinta. Kamfanin ya yi jinkirin kwanaki, injin ya zauna babu aiki, masu shi suka kai ƙara suna neman ribar da suka rasa. A hukuncin da ta yanke a 1854, wanda lauyoyi suka sani da sunan Hadley da Baxendale, kotu ta ƙi ba su wannan riba. Dalilinta shi ne ba a nuna cewa mai dakon ya san aikin masana'antar gaba ɗaya ya rataya a kan wannan sanda ba. Yana iya zaton suna da wata a ajiye. Daga nan ƙa'ida mai rassa biyu ta fito. Ana biyan asarar da a bisa al'ada take biyo bayan irin wannan saɓa alkawari. Ana kuma biyan asara ta musamman, amma fa idan ɓangarorin biyu sun san da yiwuwarta a lokacin da suke ƙulla cinikin, ba bayan abu ya lalace ba. Kotunan Najeriya, har da Kotun Ƙoli, suna aiki da wannan ƙa'ida har yau.

Wata shari'a ta 1949 ta ƙara fayyace ta. Kamfanin wanki na Victoria Laundry ya sayi tukunyar tururi, aka kawo masa ita bayan jinkirin kusan wata 5. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ya cancanci ribar da ya saba samu, domin duk mai sayar wa gidan wanki tukunya ya san don aiki ake sayenta. Amma ta hana shi ribar wasu kwangilolin rini masu tsoka da ya so karɓa daga gwamnati, tunda mai sayarwar bai san da su ba.

A ɗora wannan a kan gona. Mai tarakta da ke aiki a yankin Saminaka ba zai ce bai san masara tana da lokacin shuka ba, kuma mai injin girbi a Kura ko Argungu ya san shinkafar da ta nuna tana zubewa idan aka bar ta a tsaye. Raguwar amfanin gona saboda jinkiri tana cikin reshe na farko, kuma hujjar manomi a nan ta fi ta masu injin Gulosta ƙarfi. Amma idan manomin ya ci bashin banki da zai biya da kaka, ko ya yi alkawarin kai wa wata masana'anta tan kaza a kan farashi na musamman, to wannan reshe na biyu ne. Idan bai faɗa wa mai injin ba tun ranar ciniki, da wuya kotu ta ɗora masa. Jimla ɗaya a saƙon waya, mai ambaton ranar aiki da abin da za a shuka da dalilin gaggawa, tana iya zama bambancin karɓar kafin alƙalami kawai da karɓar diyyar damina. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da hujjar da ta fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗansa, don haka saƙon WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki suna da amfani a kotu.

Ko an tsallake wannan, saura shinge biyu. Na farko, doka ba ta yarda wanda aka cuta ya naɗe hannu yana kallon asara tana girma ba. A ɗauka, a matsayin misali, an yi ciniki a kan naira 60,000 kowace hekta, mai tarakta ya ƙi zuwa, alhali akwai wata a ƙauyen gaba a kan naira 80,000. Abin da ake sa ran manomi ya yi shi ne ya ɗauki ta biyun, ko garmar shanu idan gonar za ta yiwu da ita, sannan ya nemi bambancin naira 20,000 a kowace hekta tare da kafin alƙalaminsa. Idan ya bar gonar ta zama saura yana da halin ceto ta, kotu za ta zabtare abin da yake nema. Gaskiya ne cewa a tsakiyar Yuni sau da yawa babu wata taraktar da za a samu, kuma nauyin nuna cewa akwai ta yana kan wanda ya saɓa alkawarin.

Shinge na biyu ya fi kayar da mutane. Kotunan Najeriya suna buƙatar a zayyana asara ta musamman dalla-dalla a takardar ƙara, a kuma tabbatar da ita da hujja. Faɗin cewa "da na samu buhu ɗari" bai isa ba. Ana buƙatar abin da gonar ta saba bayarwa, da abin da maƙwabtan da suka yi shuka a kan lokaci suka girba a wannan shekarar, da farashin kasuwa, sannan a cire kuɗin iri da taki da ƙwadagon da manomin bai kashe ba. Manomin da ba ya ajiye rasit yana shiga kotu da gaskiya, amma babu ma'auni.

Uzurorin masu injina sanannu ne: ta lalace, ko man dizal ya yi tsada. Tsadar mai ba ta warware yarjejeniya, domin ciniki ya zama mara riba ba daidai yake da ya gagara ba. Lalacewar inji ma, idan rashin kulawa ne ya jawo ta, ba mafita ba ce. Ambaliyar da ta shafe gonar ko ta yanke hanya wani abu ne daban, a nan doka tana iya sauke wa kowa nauyi.

Su ma masu taraktoci suna da ƙorafin da ya kamata a ji. Manomi kan ce gonarsa hekta 2 ce a tarar ta kusa 3, ko ya ce ya cire kututture, faifan garma ya karye a kan saiwa. Wanda ya ba da bayanin ƙarya shi ma ya saɓa, kuma kuɗin gyara yana iya komawa kansa. A kotunan shari'ar Musulunci irin wannan ciniki yana ƙarƙashin babin ijara, inda asali ake ɗaukar mai haya a matsayin amintacce: ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya wuce abin da aka yi izini.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yanke diyya tun farko, a ce duk ranar da aka yi jinkiri za a rage kaza. Kotu tana mutunta irin wannan sharaɗi idan ƙiyasin asara ne na gaskiya, tana kuma watsar da shi idan tara ce ta tsoratarwa. Kotunan ƙananan ƙararraki, irin waɗanda Legas ta fara a 2018 wasu jihohi suka biyo baya, an tsara su ne don bin kuɗin da aka san adadinsa, saboda haka sun fi dacewa da karɓo kafin alƙalami ko diyyar da aka yanke a rubuce fiye da lissafin amfanin gona.

Lamarin ya fi tsanani idan mai taraktar gwamnati ce. Ana iya kai ma'aikata ko hukuma ƙara a kan kwantiragi, kuma Kotun Ƙoli ta daɗe da cewa wa'adin wata 3 na dokar kare jami'an gwamnati bai shafi irin waɗannan ƙararraki ba. Amma samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Sashe na 84 na dokar da ke tsara zartar da hukuncin kotu ya ce ba za a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba sai da izinin Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnatin da ake bin bashin. Manomin da sashen hayar taraktoci na jiharsa ya karɓi kuɗinsa ya bar shi, zai iya cin shari'a, sannan ya koma neman sa hannun ɓangaren da ya kayar.