An Mayar Da Hannun, To Zai Yi Aiki Kuwa?

Ƙila ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok: inji ya datse hannun mutum, likitoci sun mayar da shi, kowa na ta "Masha Allah". Ka yi mamaki, ka wuce. To, daga inda bidiyon ya tsaya ne mai hannun ke fara doguwar tafiya.

A Janairun 1992, a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka, John Thompson, ɗan shekara 18, yana aiki shi kaɗai a gonarsu sai ƙarfen da ke juyawa a bayan tarakta ya fizge masa hannaye biyu. Ya lallaɓa ya kai gida, ya sa fensir a baki ya danna lambar waya. Likitoci a Minnesota suka mayar masa da su duka. An yi ta yi masa tiyata bayan nan, kuma shekaru da yawa da suka wuce hannayen suna nan, yana amfani da su, amma yatsun ba su koma yadda suke ba.

Me ya sa? Ƙashi ana haɗa shi da ƙarfe. Jijiyar jini da zarar an ɗinke ta jini zai bi. Amma jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ba wayar lantarki ba ce da za ka haɗa wuta ta kawo. Sai ta sake tsirowa daga inda aka yanke, kusan milimita 1 a rana. Yi lissafi da kanka: daga saman gwiwar hannu zuwa kan yatsa ya kai santimita 40 ko fiye, wato sama da shekara guda kenan. Ita kuwa tsoka ba ta jira. In ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu saƙo, sai ta shanye, da wuya ta farfaɗo. Shi ya sa gwiwar hannu kan dawo da motsi, amma ƙananan tsokokin tafi, waɗanda kake ɓalla maɓalli ko rubuta saƙo da su, su ne aka fi rasawa. Ga watanni na gashin ƙashi, ga raɗaɗi in an yi sanyi.

Yara sun fi sa'a. Everett Knowles yana da shekara 12 lokacin da jirgin ƙasa ya cire masa hannun dama a 1962, likita Ronald Malt da tawagarsa suka mayar a Boston, ya kuma girma yana aikin ƙarfi da shi. Yankan da ya fita tas ma ya fi wanda inji ya murƙushe.

Mu ma nan ai muna da injin niƙa da na casar shinkafa. In abin ya faru a gabanka, Allah ya kiyaye, fara tsayar da jinin. Naɗe hannun a tsumma mai tsabta da ɗan danshi, sa shi a leda ka ƙulle, sannan ka sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Hannun da ba a sanyaya ba kusan awa 6 kawai yake da shi, don haka a nufi babban asibiti da shi tare da mai shi.